Sauya layi ko ƙara layi? Yadda ake farautar sabis tsakanin Kuki, Dutsin-Ma da Kurfi

A Kuki, ɗaya daga cikin garuruwan Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma a Jihar Katsina, da wuya a sami magidancin da bai san inda sabis ya fi kamawa a gidansa ba. Wani a zaure ne, wani a gindin bishiyar ƙofar gida, wani kuma sai ya jingine wayar a taga ya buɗe murya, domin da zarar ya ɗaga ta zuwa kunne kiran ya yanke. Labarin bai bambanta sosai ba a ƙauyukan Karofi da Makera, ko idan aka tsallaka ƙasar Kurfi wajen Birchi da Wurma da Tsauri.

Shi ya sa hirar "wane layi ne ya fi" ba ta ƙarewa a majalisa da teburin mai shayi da shagon cajin waya. Kowa yana yabon nasa, kuma abin mamaki shi ne yawanci kowa gaskiya yake faɗa. Layin da ke tashi kamar iska a ƙofar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yana iya zama kurma a gonar da ba ta wuce tafiyar minti ashirin a babur ba. Tambayar da ta fi amfani ga mutumin wannan yanki ita ce wane kamfani ne ƙarfensa ke kallon ƙofar gidansa, sannan idan ya yanke shawarar barin wanda yake kai, me zai faru da lambar da duniya ta san shi da ita.

Lamba ta fi sim tsada

Shekara ashirin da suka wuce, wanda ya gaji da layinsa sai ya cire sim ɗin ya sayi wani, ya bi 'yan uwa da abokai yana raba sabuwar lamba. Yanzu abin ya wuce nan. Lambar waya tana ɗaure da lambar BVN ta banki, ta nan alat ke shigowa, ta nan kuma banki ke turo lambobin sirri na tabbatar da tura kuɗi. Tana ɗaure da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN tun bayan umarnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a watan Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa. Da ita ake buɗe WhatsApp. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB da ita yake tura saƙo zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar rajista, kuma hukumar ta sha gargaɗin ɗalibai cewa su riƙe wannan layin da kyau domin shi ne shaidarsu a wurinta.

Ga dillalin hatsi ko na dabbobi da ke cin Kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, lambar ita ce shagonsa. Abokan cinikinsa na Kano da Legas da ita suka san shi. Ga matar da mijinta ya tafi ci-rani, ita ce hanyar da kuɗin cefane ke biyowa.

Akwai kuma haɗarin da mutane da yawa ba su ankara da shi ba. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana iya rufe shi, idan ya ƙara wasu wata shida kamfani na iya sayar wa wani da lambar. Wanda ya jefar da tsohon sim ba tare da ya je banki ya cire shi daga asusunsa ba, wata rana wani baƙo ne zai riƙa karɓar alat ɗinsa.

Dokar da ta ba da dama tun 2013

Abin da bai yaɗu sosai a karkara ba shi ne, tun ranar 22 ga Afrilun 2013 NCC ta ƙaddamar da tsarin da ya ba kowa damar komawa wani kamfani tare da lambarsa. Mai 0803 yana iya komawa Airtel ko Glo, lambar ba ta canza ko da harafi ɗaya ba. Don haka ma a yau farkon lamba ba ya nuna layin da mutum yake kai. Mai 0802 yana iya kasancewa a MTN, mai 0809 yana iya kasancewa a Glo.

Yadda ake yi ba shi da wahala a takarda. Mai layin zai je da kansa ofishin kamfanin da yake son komawa, ko shagon wakilin da aka ba izinin wannan aiki, ɗauke da shaidarsa da lambar NIN. Zai cike takarda, sannan ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon sim ɗin. Za a ba shi sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarsa, kuma ƙa'ida ta ce a kammala sauyin cikin sa'o'i 48. Ba a biyan kuɗin sauyi. Sai dai katin da ya rage a tsohon layin da datar da ba a ƙarar ba duk sun tafi ke nan, haka ma lambobin da aka ajiye a kan sim idan ba a kwashe su zuwa cikin waya ba. Kuma wanda ya sauya ba zai iya juyawa nan take ba. Da farko sai ya yi kwana 90, daga baya hukumar ta rage zuwa 45.

To, amma duk da wannan sauƙi, alƙaluman NCC na wata-wata suna nuna dubbai kaɗan ne ke sauyawa a faɗin ƙasar da ke da layuka sama da miliyan 160 masu aiki. A shekarun baya-bayan nan akasarin masu ƙaurar daga 9mobile suke fita, MTN kuma ita ta fi karɓar baƙi.

A yanki irin na Kuki dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, sauyin yana buƙatar tafiya, wadda kan iya kai mutum har birnin Katsina, kimanin kilomita 60 daga Dutsin-Ma, kuma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya ninka kuɗin sabon sim. Na biyu shi ne ya fi tsanani. Layuka da dama a karkara ba da sunan masu riƙe da su aka yi musu rajista ba. Mace tana amfani da layin da mijinta ya yi wa rajista, ƙani yana riƙe da na yayansa, dattijo kuma ɗansa ne ya je ya tsaya a madadinsa. Tsarin sauyi kuwa yana duba ko bayanan wanda ya zo sun dace da na wanda ya yi rajistar. Idan suka saɓa, ko da a rubutun suna ne, ana iya mayar da buƙatar. Wanda aka rubuta Muhammadu a wuri ɗaya, Mamman a wani wurin, ya san irin wannan zirga-zirga.

Saboda haka mutane suka zaɓi hanyar da ta fi kusa. Kusan duk wayar da ake sayarwa a kasuwannin Arewa, daga ƙaramar mai tocila har babbar Tecno ko Itel ko Infinix, sim biyu take ɗauka. Sai a bar tsohon layi don kira da alat, a ƙara na biyu don data. Masu POS kan wuce haka, ka ga mutum da waya biyu da na'ura, kowacce da layinta, domin a sana'arsu minti biyar na rashin sabis yana nufin abokin ciniki ya koma rumfar maƙwabci. Sun koyi wannan darasi da kyau a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, da cinikin ƙwaryar gero ma ya koma sai da tiransifa.

Abin da sandunan sabis ba sa faɗa

Yawancin gardamar da ake yi ta samo asali ne daga rashin bambance abubuwa biyu. Sandunan da ke saman fuskar waya suna nuna ƙarfin siginar da ke tsakanin wayar da ƙarfen sabis ne kawai. Ba su nuna yawan mutanen da ke rabon wannan ƙarfen a lokacin, ba su kuma nuna faɗin hanyar da ta haɗa ƙarfen da sauran duniya. Shi ya sa mutum zai ga sanduna cike, alamar 4G na haske, amma hoto ɗaya ya ƙi sauka.

Ƙarfen sabis kamar rijiyar unguwa yake. Da asuba mutum ɗaya zai cika jarkarsa nan da nan, da yamma kuwa sai an bi layi. A Dutsin-Ma wannan a bayyane yake saboda garin ɗalibai ne. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna tara dubban matasa masu manyan wayoyi, kuma saurin data lokacin hutu daban yake da lokacin da aka dawo karatu. Haka ranar Laraba daban take da ranar Litinin a kewayen kasuwa. Wanda ya gwada layi da ƙarfe goma na safe ya yanke hukunci, bai ga halinsa na bayan Isha'i ba.

Sai batun zango. Kowane kamfani yana watsa siginarsa ne a kan zangon da ya saya daga NCC. Ƙananan zanguna, irin su megahaz 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango. Manya, irin su 1800 da 2100 da 2600, suna ɗaukar data mai yawa amma ba sa nisa. Wannan ne dalilin da ya sa idan aka bar gari aka nausa ƙauye, wayar kan sauka daga 4G zuwa 3G, daga nan ta koma alamar E, inda kira ke shiga amma intanet ke rarrafe. Shi ne kuma dalilin da ya sa ƙaramar waya mai tocila kan yi kira lafiya a inda babbar waya ke ta lalube.

Ita kanta wayar tana da nata hannun a ciki. Glo ta fara 4G ɗinta a 2016 a kan zangon 700, wanda wayoyi da yawa na lokacin ba sa kamawa. MTN ta sami zangon 800 ne bayan ta sayi kamfanin Visafone a farkon shekarar. Don haka mutum biyu na iya zama a tabarma ɗaya, da layi iri ɗaya, ɗaya yana kallon bidiyo ɗayan yana tsaki. Kafin a zagi kamfani, yana da kyau a sa sim ɗin a wata wayar a gani.

Ƙasar ma ba ta taimaka ba. Sunan Dutsin-Ma daga dutse ya samo asali, kuma duwatsun da suka warwatsu a yankin suna tare sigina kamar yadda katanga ke tare haske. Ƙauyen da ke bayan dutse ko cikin kwari yana iya rasa sabis ɗin ƙarfen da ke kusa da shi, ya riƙa kama na wani gari mai nisa. Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna ƙara raunana abin da ya iso. Da damina kuma, ruwan sama mai ƙarfi yana dagula saƙon da ƙarafa ke miƙa wa juna ta iska a wuraren da wayar ƙarƙashin ƙasa ba ta kai ba.

Kamfani huɗu, ƙarfe ɗaya

Wani abin da ke rage amfanin sauya layi shi ne, ƙarafan da yawa ba na kamfanonin waya ba ne. Tun fiye da shekara goma da suka wuce suka sayar da akasarinsu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da ATC, suka koma suna biyan haya. Ƙarfe ɗaya na iya ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku, duk a kan janareto ɗaya. Idan man dizal ya ƙare, ko aka sace batura, ko motar kai mai ta kasa shiga saboda matsalar tsaro, duk layukan tare suke ɗaukewa. Wanda ya gudu daga wannan ya koma wancan, an gudu ne ba a tsira ba.

Kamfanonin ma sai ƙara haɗa kai suke yi. A watan Maris na 2025 MTN da Airtel suka sanar da yarjejeniyar raba kayan aiki a Najeriya da Uganda. A shekarar ce kuma NCC ta amince wa 9mobile, wanda ya fara da sunan Etisalat a 2008 kuma ya koma T2 a watan Agustan 2025, ya riƙa ɗora masu layinsa a kan ƙarafan MTN. Ga mai tsohon layin 0809 da ya jefa a aljihun tsohuwar riga, wannan dalili ne na sake gwada shi.

A lissafin ƙasa baki ɗaya MTN ce ke riƙe da fiye da rabin layuka, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo na biye, T2 na can ƙarshe. Sai dai wannan lissafin Abuja ne, ba ya gaya wa manomin rani a bakin Dam ɗin Zobe ko zai iya kiran mai motar da zai kwashe masa tumatir. Haka ma tallan 5G da ake gani a talabijin. MTN ta fara shi a watan Satumban 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma harka ce ta manyan birane da wayoyi masu tsada. A nan, 4G da ba ya yankewa ya wadatar.

Watannin da kowa ya zama ɗaya

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin lokacin da gardamar layi ta zama banza. A watan Satumban 2021, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, kuma Dutsin-Ma da Kurfi na cikinsu, tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauransu. Manufar ita ce a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Ba a ware kamfani ko ɗaya ba.

Sai a watan Disamba aka maido da sabis a Dutsin-Ma da Kurfi. A tsakanin nan, mai son sanar da rasuwa ko haihuwa sai ya hau mota ya nufi inda matakin bai shafa ba, ko ya ba direba saƙo kamar zamanin da. Masu POS da masu sayar da kati suka zauna. Abin da ya fi ciwo shi ne, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar kiran ɗauki, alhali rahotanni daga kan iyaka sun nuna wasu sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar. Har yau ana saɓani a kan ko matakin ya yi amfani, amma ya bar wa mutane fahimtar cewa a nan sabis maganar rai ce. Yankin da ya ga harin watan Afrilun 2020, wanda 'yan sanda suka tabbatar ya ci rayuka 47 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Don haka idan magidanci a Kuki yana zaɓen layi, abin da ya fara dubawa shi ne ko kira zai fita daga cikin ɗakinsa da ƙarfe biyun dare. Saurin bidiyo daga baya yake zuwa.

Gwaji kafin ƙaura

Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, karo na farko cikin fiye da shekara goma, bayan kamfanonin sun nemi a ninka, kowace Naira da aka sa a waya ta zama abin lissafi. Saƙon tes da ake turawa a kan Naira 4 ya koma Naira 6. Wannan ya sa wasu ke bin duk kamfanin da ya yi tallan garaɓasa. Amma gigabait goma mai araha a layin da ba ya buɗewa a gidanka ya fi gigabait biyu mai tsada ɓarna, domin wa'adinsa zai ƙare yana nan ba a taɓa shi ba. Ba a cinikin biri a sama.

Hanyar da ta fi dacewa ba ta da tsada. A ari sim ɗin maƙwabci, ko a sayi sabo a yi masa rajista da sunan kai, tunda doka ta yarda mutum ya mallaki har layi huɗu a kamfani ɗaya. A sa masa data kaɗan, a yi mako guda ana gwada shi a wuraren da rayuwar mutum take, wato cikin ɗaki, gona, shago, da kan hanyar da ya saba bi. A gwada da safe, a gwada da dare, a gwada ranar kasuwa. Manhajar Speedtest ko shafin fast.com suna nuna sauri da lamba, sai dai su ma suna cin data, don haka ba a yawaita su. Megabit biyu zuwa uku a daƙiƙa sun isa kallon bidiyo ba tare da tsayawa ba. Wanda lambobi ba su dame shi ba, ya kira ɗan uwansa ta bidiyo a WhatsApp na minti biyar, ya tura hoto, ya buga lambar bankinsa ya ga ko za ta buɗe a bugu ɗaya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire Naira 6.98 na irin wannan hulɗa da banki.

Wani sauƙi da aka samu shi ne, tun 2023 lambobin aiki sun zama iri ɗaya a duk layuka. Da *310# ake duba kati, da *311# ake lodawa, da *312# ake sayen data, da *323# ake duba abin da ya rage, 300 kuma ita ce lambar masu kula da abokan hulɗa. Wanda ya sauya kamfani ba sai ya sake haddar komai ba.

Idan gwajin ya nuna sabon layin ya fi a ko'ina, kuma rajistar da sunan mai shi take, to ƙaura da lamba ita ce mafita, domin banki da WhatsApp da abokan ciniki ba za su ma san an yi ba. Idan kuwa wannan ya fi a gida wancan ya fi a gona, kamar yadda ya fi faruwa, sai a riƙe biyun, a riƙa ɗan sa wa kowanne kati lokaci-lokaci don kada a rufe shi.

Akwai kuma ƙauyukan da babu layin da ke isa gare su yadda ya kamata. Su maganarsu ta wuce sauya sim. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya ƙarafan sabis da wayoyin ƙarƙashin ƙasa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Dutsin-Ma da Kurfi mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, wanda ke nufin ƙorafin Kuki da na Wurma teburi ɗaya za su je idan masu unguwanni da dagatai suka rubuta shi da sunayen ƙauyukan da abin ya shafa. Mutum ɗaya kuma, idan ya kai kuka ga kamfaninsa ta 300 bai ga gyara ba, yana iya kiran NCC kyauta a 622, ya ba da lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi tun farko.